Gayaunar Yaro a Tsakar Gida: Da Bazara Ake Farawa

(Laccar da aka gabatar a taron iyaye da malamai na wata makarantar firamare a Kano)



Da aka ce in yi magana kan koya wa yara aikin lambu da bazara, wani abokina ya yi dariya, ya ce wa zai yi shuka a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, rijiyoyi suka ja baya, mai ruwa ya ƙara kuɗin jarka? Tambayarsa tana kan hanya. A Ingila, watannin Maris zuwa Mayu lokacin sakin sanyi ne, ƙasa na da laima, yaro na jefa iri zai tsiro. Mu kuwa bazararmu zafi ce da ƙura. Sai dai manomi bai taɓa ɗaukarta lokacin hutu ba: da bazara ake sassabe, a share gona, a kai taki, wasu ma su yi binne kafin ruwan farko. Wanda ya jira damina ta sauka kafin ya nemi fartanyarsa ya makara.

Iyayenmu suna da tsarin da ya kamata mu waiwaya. Akwai gandu, gonar gida da kowa ke yi wa aiki ƙarƙashin maigida. Akwai kuma gayauna, ɗan yankin da ake yankar wa ɗa ya noma don kansa bayan an tashi daga gandu. Abin da ya fito nasa ne, ko ya sayar ya ɗinka rigar salla, ko ya sayi ɗan akuya. A gandu yaro yake koyon biyayya, a gayauna yake koyon ɗaukar nauyi. Yau da yawanmu mun dawo birni, gandun ya watse, gayaunar ta bi shi. Yaro ya san kuɓewa a miya, amma nuna masa ita a tsaye, sai ya ce ciyawa ce.

Hukuma ma ta taɓa gwadawa. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, aka ƙarfafa gonakin makarantu. Amma mu da muka yi firamare muna tuna yadda gonar makaranta ta koma: wanda ya makara ko ya yi surutu shi ake miƙa wa fartanya. Malamai, ku gafarce ni, duk yaron da aka hora da noma zai tashi yana kallon noma a matsayin horo. Lambun yaro lada ya kamata ya zama.

To, yaya za a yi a gidan haya mai daɓen siminti? Tsohon buhun shinkafa ya isa, ko fasasshen bokiti. A huda ƙasansa don ruwa ya riƙa tsiyaya, a cika shi da ƙasa haɗe da taki da ya ruɓe sosai, domin ɗanyen kashin kaji ƙone tsiro yake yi. A ajiye inda hantsi ke samunsa amma ranar azahar ba ta dukansa. Ban ruwa safe da yamma, kuma ba sai an sayi ruwa ba: na alwala da na wankin shinkafa, in aka tara a roba, sun wadatar, muddin babu sabulu a ciki. A rufe saman ƙasar da busasshen ganye don laima ta daɗe.

Zaɓen iri shi ne inda iyaye suka fi kuskure. Sai a ba yaro tumatir ko latas ko karas, alhali waɗannan kayan hunturu ne. Tumatir in zafi ya tsananta furensa zubewa yake yi, shi ya sa kwandonsa ke tsada a kasuwar 'Yan Kaba idan sanyi ya wuce. Yaro ya yi wata biyu yana ban ruwa bai ga ɗa ko ɗaya ba, ai zuciyarsa ta mutu. Ku ba shi abin da ke son zafi kuma yake saurin sakayya. Alayyafo yakan tsiro cikin 'yan kwanaki, a yanke shi bayan mako 3 zuwa 4. Kuɓewa kan fara 'ya'ya cikin kimanin wata 2. Yakuwa da rama ba su da laulayi. Zogale kuwa, a shuka shi a leda da bazara, a dasa da zarar ruwa ya zauna a watan Yuni, kafin kaka an fara kwaɗo da ganyensa.

Sai kuma abin da ya fi duk waɗannan wuya: ku cire hannunku. Ɗan shekara 5 ya iya ban ruwa da ƙaramin gwangwani. Ɗan shekara 10 ya iya kewaye shukarsa da kara don akuya, ya barbaɗa toka ko ya yayyafa ruwan jiƙon ganyen darbejiya in ƙwari sun taso. Maganin feshi na kanti kuwa ba na hannun yaro ba ne. In ya manta ban ruwa shukar ta yi yaushi, kada uwa ta lallaɓa ta zuba masa, a bar shi ya ga abin da sakaci ke haifarwa. Ranar da ya yanko alayyafonsa, a saya a hannunsa kamar yadda za a saya wajen mai kayan miya, a kuma faɗa a gaban kowa cewa miyar yau ta lambun wane ce. 'Yan mata ma a ba su buhunsu, kada a ce aikin maza ne.

Kada ku raina wannan ɗan lambu na yaro. A yankin Maraɗi, tun daga shekarun 1980, manoma suka riƙa barin tohon kututture suna renonsa maimakon sare shi, har bishiyoyi suka dawo a miliyoyin kadada a Nijar. Abin da aikin ya buƙata shi ne idon da ya san tsiro da hannun da ya saba reno, kuma da ƙuruciya ake samun su. Addininmu ma ya koyar cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ya ci daga shukarka sadaka ce.

Roƙona gare ku, iyaye: kafin ruwan farko ya sauka, kowane gida ya ba kowane yaro buhu ɗaya da iri ɗan kaɗan. Ku kuma malamai, ku ware wa kowane aji kunyarsa. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya shirya mana zuri'a.