Gidan Haya da Sharuɗɗansa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa masu saurare, tambaya ta iso mana daga Tasawa da Mayayi, daga bakin samarin da suka dawo ci-rani daga Libiya da Kano da ɗan abin hannu: mutum ya gina gida ya zuba ƴan haya, mene ne hukuncinsa? Muna cewa halal ne, kuma malamanmu sun yi bayaninsa cikin Risala da Muhtasar. Sai dai a kiyaye abubuwa huɗu.

Na farko, fili. Kada a saya sai an san asalinsa. Idan na gado ne, a tabbata an raba, mata da marayu sun karɓi rabonsu. Ya inganta cikin hadisi cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci, za a rataya masa shi ranar Alƙiyama. A nemi shaidu, da sanin mai gari, da takardar ma'aikatar magajin gari. A je a ga wurin da damina. Wanda ya ga yadda ruwa ya rusa gidaje a jihar Maraɗi a 2024 ba zai gina cikin kwari ba.

Na biyu, jari. Kada a gina da bashin riba, kada kuma a sayar da gonar da ke ciyar da iyali. Gida ba ya mayar da kuɗinsa cikin shekara ɗaya ko biyu. Malamin makaranta ko na asibiti ana iya sauya masa wurin aiki, ɗaki ya yi watanni a rufe, ga yaɓe da gyaran rufi suna jira.

Na uku, yarjejeniya. A ambaci kuɗin, a ambaci muddar, a faɗi wanda zai biya wuta da famfo, sannan a rubuta, domin aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta koya mana rubuta bashi. Gyara na mai gida ne. In ya ƙi, ɓarnar kuma tana cutarwa, ɗan haya yana da zaɓin tashi. Wanda ya shiga ƙunci, a jinkirta masa. Kada a fitar wa Musulmi kayansa waje yana ɗauke da azumi.

Na huɗu, zakka. Gidan da aka gina domin haya babu zakka a kan ƙimarsa. Amma kuɗin haya, in sun kai nisabi, suka shekara a hannu tun ranar karɓa, a fitar da ɗaya cikin arba'in: jika ɗaya a kowace jika arba'in.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya karɓi azuminmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.