Shela da Shawara: Abin da Ya Faru a Bakolori



Akwai kalmomi biyu na Hausa waɗanda ma'aikatan hukuma suka daɗe suna ruɗa ɗaya da ɗaya, watau shela da shawara. Shela aikin sankira ce. Yakan tsaya a kasuwa ya faɗi abin da aka riga aka zartar, ya wuce, ba ya jiran amsa. Shawara kuwa ba ta cika sai an tafi wurin mutum tun magana ba ta ƙulle ba, kuma da niyyar sake shiri idan ya kawo hujja. Tarihin madatsar ruwa ta Bakolori ya nuna tsadar wannan ruɗani.

A shekarar 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoto a kan kwarin kogin Sakkwato, ta ce a fara da ƙaramin aiki, a bi a hankali. Da kuɗin man fetur suka shigo, sai aka zaɓi babban aiki. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya gina madatsar daga 1974 zuwa 1978, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Tafkin ya cinye fili wajen hekta 8,000, aka tashi dubban mutane, cikinsu har da mutanen Maradun, aka mai da su kan tudu inda ƙasa ba ta da albarkar fadamar da suka baro.

Ba a ce ba a je wurin manoma ba. An je. An auna gonaki, an ƙidaya itatuwa, an rubuta sunaye a takarda. Amma ƙidaya mutum daban, tambayarsa daban. Ga injiniya, filin da za a baje don ban ruwa fili ne kurum. Ga mai shi kuwa, wannan gandun gado ne, an san iyakarsa da wata kuka ko ɗorawa; wani yanki jingina ne, wani aro. Katafila ta bi ta kai ta shafe duk waɗannan alamu, manoma suka zauna damina bayan damina ba su shuka ba, suna jiran a mayar masu da gonaki da kuma diyyar da ta yi ta jinkiri. Da tattijan ƙauye aka zauna da su tun farko, da sun faɗi wannan a zama guda.

Da manoma suka rasa inda za a saurare su, sai suka shiga tare hanyoyin aikin. A ƙarshen watan Afrilu na 1980, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sanda suka buɗe masu wuta. Adadin matattu da hukuma ta bayar bai kai 30 ba. Mutanen yankin da masu bincike sun ce ɗaruruwa ne. Masani Björn Beckman ya rubuta tarihin wannan rikici a 1985.

Har ila yau akwai waɗanda ko ƙidayar ba ta kai gare su ba, watau mazauna fadamun da ke ƙasa da madatsar. Binciken W. M. Adams ya nuna cewa ambaliyar shekara-shekara da ke jiƙa fadamunsu ta ragu, noman shinkafa ya ja baya, aka koma gero da dawa, kamun kifi kuma ya lalace. Ba sa cikin taswirar aikin, saboda haka ba wanda ya ga dalilin tambayarsu.

Bayan da Bankin Duniya ya amince da shirin gyaran ayyukan ban ruwa na arewa a 2014, wanda Bakolori ke ciki, an dogara ga ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa don kula da magudanai. Wannan ci gaba ne, in dai ba sankira aka sake wa suna ba.

Abin ya shafi ƙananan ayyuka ma. Alal misali, Ƙaramar Hukuma ta so ta gyara ɗakin taron unguwa a Bakura ko Maradun. Sakatare ya kira mai unguwa da mutum goma da ya sani, ya karanta masu shiri, su ce madalla, ya rubuta cewa jama'a sun yarda. To, "madalla" a gaban manya ladabi ne, ba lalle ra'ayi ba ne. Matan aure da ke cikin gida sai an aika masu da mace. Samari ba sa musu a gaban iyayensu, sai an ware masu zama. Makiyaya da masunta ba su cika kwana a gari ba, sai an bi su mashaya da bakin tafki. Ranar taron ma abin dubawa ce: wanda ya sa shi ranar Talata a Mafara, kowa yana kasuwa, zai tarar da mai gadi da kujeru.