Amsar Wasiƙunku: Da Gaske Ne Sukari Yana Tsufar Da Fata?

Yau wasiƙu uku ne a gabana, kuma duk hanya guda suka bi, don haka zan gama su in amsa.

Ta farko daga wata baiwar Allah ce mai sana'ar kunun zaƙi da zoɓo a wani ƙauye na ƙasar Malumfashi, ta kuwa roƙa a sakaya sunanta. Ta ce shekarunta 38, amma fuskarta ta soma yamushewa, wuyanta ya yi baƙi kamar an shafa gawayi, ta cuɗa da soso har ta gaji bai fita ba. 'Yarta da ke makarantar koyon aikin jinya ta ce sukari ne. Maigida kuwa ya ce zancen 'yan boko ne, me ya haɗa abin da aka sha da abin da ke bisa fata? Shi ne take tambaya wa ke da gaskiya, kuma ko ta sayi man gyaran fata da ake talla.

To, Malama, 'yarki ba ta yi ƙarya ba, sai dai maganar tana da tsawo.

Kin san romon ƙafar saniya, wanda in ya kwana sai ki tarar ya daskare? Abin da ya daskarar da shi wani sinadari ne da likitoci ke kira kolajin. Shi ne a cikin ganda, shi ne kuma majemi ke jemewa ya zama fatar takalmi. A jikin ɗan Adam yana nan ƙarƙashin fata, zare-zare, a saƙe kamar igiyar gado. Shi ke riƙe fuska ta tsaya cas. Kusa da shi akwai wani zaren mai kama da roba, wanda in kin ja fatar bayan hannunki kika saki yake mai da ta wurinta.

Duk abin da muka ci mai zaƙi ko mai gari, ciki yana narkar da shi ya zama sukari ya shiga jini. Wannan ba aibu ba ne, da shi manomi ke ɗaga fartanya. Matsalar ita ce in ya yi yawa ya daɗe yana yawo a jini, sai ya riƙa liƙewa a jikin waɗannan zaruruwa, a hankali ya manne wannan da wancan. Ki ɗauka an zuba narkakkiyar alewa a kan igiyar gado an bar ta ta bushe. Igiyar da a da take lanƙwasa ta miƙe, yanzu ta ƙage. Haka fata ke rasa laushinta, ta soma tattarewa, haskenta ya dushe.

Wannan haɗuwa ta sukari da sinadarin gina jiki ba sabon zance ba ne. Wani masani ɗan ƙasar Faransa, Louis-Camille Maillard, shi ya bayyana ta a shekarar 1912. Ita ce ke sa ɓawon burodi ya yi ja, ita ke sa ƙosai da tsire su yi launi da ƙanshi. Abin da wuta ke yi a kasko cikin minti biyar, ɗumin jiki yana yin irinsa cikin shekaru. Abin da ya sa kuwa fata ta fi jin jiki, kolajin ba ya saurin sabuntawa. Masana sun ƙiyasta cewa sai an yi kusan shekara 15 kafin rabin wanda ke cikin fata ya canza. Kin ga ke nan abin da ya liƙe bana zai daɗe tare da mai shi.

An taɓa gwada abin a kan fuskokin mutane. A garin Leiden na ƙasar Holan, masu bincike sun auna sukarin jinin mutum kusan 600, suka ɗauki hotunansu, suka ba wasu da ba su san su ba suka ce su kintaci shekarunsu. Sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna masu ciwon sukari an kintata musu kimanin shekara ɗaya da rabi fiye da waɗanda sukarin jininsu ke ƙasa. A lura da kyau, shekara ɗaya da rabi aka ce, ba goma ba, kuma Turawa ne aka gwada. Na faɗi haka ne don kada wani ya ji shirin nan ya tafi yana cewa duk tsufan da ke fuskar mutanen karkara sukari ne. Nan maigidanki yake da nasa rabon gaskiya. Rana ita ce kan gaba wajen tsufar da fata, ko da yake baƙar fata ta fi fara jure mata. Sai taba sigari, da hayaƙin murhu da mace ke tsugune a kansa safe da yamma, da ƙarancin barci. Malfar da manomi ke kifawa a gona tana yi wa fuskarsa aikin da man kanti ba zai yi ba.

Amma, Malama, ba yamushewar fuskar ce ta fi tsaya mini a rai ba. Wuyan nan ne. Baƙin da ke fitowa a bayan wuya, ko hammata, ko matsematsi, mai kauri da laushi kamar ƙaramin bargo, wanda soso da sabulu ba sa fitarwa, ba dauɗa ba ne. Sau da yawa alama ce cewa sinadarin insulin, wanda ke kwashe sukari daga jini ya kai shi cikin tsoka, ya soma aiki jiki ba ya jin sa. Wannan kuwa shi ne ƙofar ciwon sukari. Ba na ce kina da shi ba, ni ba likita ba ne, malamin makaranta ne da ya faɗo aikin rediyo. Amma ina roƙonki, ranar kasuwa mai zuwa ki fita da sassafe ba ki karya ba, ki je asibiti a ɗiga jinin yatsanki. In awon ya kai 7 a ma'auni guda, ko 126 a ɗaya ma'aunin, za su ce ki dawo a sake don a tabbatar. Akwai kuma gwajin da ake kira HbA1c, wanda ke auna yawan sukarin da ya liƙe a jajayen ƙwayoyin jini. Da yake ƙwayoyin nan kusan kwana 120 suke yi a jiki, gwajin yana tona asirin wata biyu zuwa uku da suka wuce, ba na jiya kaɗai ba.

Batun man da ake talla kuwa, ki riƙe kuɗinki. Ba man da zai shiga ƙarƙashin fata ya kwance abin da sukari ya ƙulla. Mafi muni shi ne a sayar miki da man bilicin da sunan gyara, domin wasunsu suna ɗauke da sinadaran da ke sa fata ta yi siriri ta riƙa tsagewa, wasu ma har ƙoda suke taɓawa. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansu. Man kaɗanya ko man gyaɗa ya ishe ki maganin bushewar hunturu.

Wasiƙa ta biyu daga wani Alhaji ce mai sayen hatsi a kasuwannin ƙauye yana kaiwa Dawanau. Ya ce shi ba ya shan alewa, ba ya cin kayan yara, shayi ne kawai sau uku a rana, kowanne da cokali huɗu, sai lemon kwalba guda in rana ta take. Yana tambaya ko wannan ma ya yi yawa.

Alhaji, bari mu yi lissafi irin na kasuwa. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa sukarin da baligi zai ƙara a abinci da abin sha kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, wato ƙaramin cokali 12, in ma da hali ya tsaya a 6. Shayinka uku sau huɗu, 12 ke nan, ka cika mudu tun ba a je ko'ina ba. Robar lemo mai santilita 50 kuwa takan ɗauki kusan cokali 13. Ka ga ka tashi da 25, ninki biyu har da ɗoriya, ba a sa na koko da na fura ba. Ba banza ba gwamnatin Nijeriya ta sa harajin Naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a dokar kuɗi ta 2021. 'Yan'uwanmu na Nijar masu zaman shayi zagaye uku, su ma su yi nasu lissafin.

Ba na ce ka bar shayi ba, don na san in na faɗi haka za ka kashe rediyon. Ka ce wa mai shayi ya sa uku maimakon huɗu, bayan mako biyu ka koma biyu. Harshe yana sabawa, har wata rana a ba ka irin na da ka ji ya yi maka yawa. Lemon nan ka mai da shi na ranar biki, ka riƙe ruwa a tafiya. Kuma kada ka zaci abin da ba shi da zaƙi a baki ba ya zama sukari a jini. Farin burodi, da farar shinkafa, da garin kwaki da aka jiƙa da sukari suna saurin hawa jini. Miyar kuka ko kuɓewa, da wake, da zogale, da rama, waɗannan a hankali suke shiga. Abincin da kakanninmu suka ci ne, yanzu muke raina shi don mun ga kanti.

Na san za a tambaye ni zuma da mazarƙwaila da rake. Zuma tana da darajarta da amfaninta, ba mai musu, amma a lissafin cokulan nan Hukumar ta sa ta a ciki, haka ma ruwan 'ya'yan itace da aka matse. Mangwaro ko gwaiba ko lemon zaƙi da aka ci da tsokarsu ba su cikin lissafin, don ƙaiƙayin da ke cikinsu yana rage saurin shigar zaƙin.

Wani abu, Alhaji, tunda kai matafiyi ne. Sukarin da ya daɗe a jini yana kashe jijiyoyin ƙafa, yana kuma hana ciwo warkewa. Mutum sai ya taka ƙaya ko ƙusa bai ji ba, faso ya tsage masa diddige, ciwon ya ƙi ƙamewa har ya kai ga yanke ƙafa. Duk wanda maruru ke yawan fito masa, ko ƙaiƙayin gaba, ko ya ga ƙaramin ciwo ya yi makonni bai warke ba, ga yawan ƙishirwa da fitsarin dare, kada ya tsaya yana cewa sammu ne ko sanyi. Ya je a auna.

Ta uku gajeriya ce, daga wani saurayi a jihar Maraɗi da ƙurajen fuska suka dame shi. Samari, ƙurajen nan tushensu balaga ce, amma yawan lemo da biskit da burodi yana iya ƙara su, domin hawan insulin yana sa fata ta ƙara fitar da maiƙo. An gwada a ƙasar Ostireliya a 2007, samarin da suka yi mako 12 suna cin abincin da ba ya saurin hawa jini ƙurajensu sun ragu fiye da na sauran. Ka rage zaƙi, ka wanke fuska da sabulu mara ƙarfi, ka kuma daina matsa su da farce, don tabon ya fi ƙurjin daɗewa a baƙar fata.

Lokaci ya cim mana. Masu tambaya a kan tsutsar da ke cin masara, wasiƙunku sun iso, su za mu ɗauka mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.