Lissafin da Ya Ƙi Fita: Jawabi Kan Sharuɗɗan Ɗaukar 'Ya'yanmu Aiki

 

An nemi mu yi magana a kan ilimi, kamar yadda aka saba ɗora wa tsofaffin malamai. Sai muka roƙi kwamiti ya bar mu mu duba abin da ke samun yaro bayan ya gama karatun, domin a nan ne gizo ke saƙa a yanzu.

Mu da muka fito daga kwalejin horon malamai bayan ƙaddamar da shirin UPE a 1976, ba mu san wahalar neman aiki ba, aikin ne ya neme mu. Tun kafin sakamakon jarrabawa ya fito, hukumar ilimi ta tura kowannenmu makaranta, aka miƙa masa alli da rajista. Ba wanda ya tambaye mu ƙwarewa. A gaban allo muka same ta, hedimasta yana leƙowa ta taga.

Kwanakin baya wani tsohon ɗalibinmu ya nuna mana sanarwar wani kamfani a wayarsa. Ana neman wanda bai wuce shekara 26 ba, mai digiri mai daraja ta ɗaya ko ta biyu ta sama, wanda ya gama bautar ƙasa, kuma ya yi shekara 3 yana aiki. To, mu dai lissafi muka koyar, bari mu buga shi tare. Yaron garin nan yakan shiga firamare yana da shekara 7, bayan ya ɗan yi nisa a makarantar allo. Shekara 6 a firamare, 6 a sakandare, ya kai 19. Da yawansu sai sun sake zama jarrabawa saboda Turanci ko lissafi, ko sun jira gurbin jami'a, shekara 2 sun tafi, ya kai 21. Digirin shekara 4 ne a takarda, amma malaman jami'a sun yi yajin aiki na wata 9 a 2020, suka sake yin na wata 8 a 2022. Ga jiran kira zuwa bautar ƙasa, ga shekara guda ta hidimar. Ran da yaron nan ya tuɓe kakinsa, ya doshi 28, bai taɓa karɓar albashi ba. Ita kanta hukumar bautar ƙasa, wadda Janar Yakubu Gowon ya kafa a 1973, tana ɗaukar wanda ya gama karatu har zuwa shekara 30. Gwamnati ta ce matashi ne, kamfani ya ce ya tsufa. Wanda zai cika wancan sharaɗi sai ɗan da ya shiga makarantar kuɗi tun yana ƙarami, ya yi jami'ar da ba ta san yaji ba.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne inda wannan ke tura yaran. Sun gane cewa da 'yan kuɗi kaɗan za a je kotu a yi takardar rantsuwa a zabge shekara 3 ko 4. Mun ga takardar wani da muka rubuta sunansa a rajistar aji ɗaya da hannunmu. Bisa sabon lissafinsa, yana goye muka ɗauke shi makaranta. Yaron da muka yi wa bulala a kan ƙarya, yau da rantsuwar ƙarya yake buɗe ƙofar aikinsa na farko. A 2023 Majalisar Dattawa ta yi kira ga masu ɗaukar ma'aikata su sassauta ƙa'idar shekaru, amma kira ne kawai, sanarwoyin ba su daina fitowa ba.

Ba mu manta da watan Maris na 2014 ba, lokacin da dubban ɗaruruwan matasa suka biya naira 1,000 kowannensu don neman gurbin da bai kai 5,000 ba a hukumar shige da fice, aka tara su a filayen wasa, fiye da mutum goma suka rasu a turmutsitsi. Mai uwa a gindin murhu ba ya shiga irin wannan layi.

Adalci ne kuma mu faɗi namu laifin. Wasu masu digirin ba su iya rubuta wasiƙar neman aikin da kansu, kuma ta hannunmu suka biyo. Amma maganin wannan a gwada yaro a gani, ba a kore shi da ranar haihuwa ba. Da rarrafe yaro kan tashi.

Saboda haka roƙonmu gare ku mazauna birni ke nan. Cikinku akwai masu kamfanin gini, da makarantu, da asibiti, da shagunan magani, da manyan ma'aikata. Kowa ya ɗauki yaro ɗaya na wata 6 ko shekara, ya ba shi ko da kuɗin mota ne, ya koya masa aiki, sannan ya rubuta masa takardar shaida ta gaskiya da hatimin ofishinsa. Wanda ya ji labarin gurbi ya aiko wa sakatare a ranar, ba sai saura kwana biyu a rufe ba, domin yaranmu sai sun hau mota kafin su sami intanet mai ƙarfi da takardar shaidar zama 'yan ƙaramar hukuma. Mun riga mun fara rubuta sunayen masu digiri da difloma da NCE da ke zaune a gida, unguwa-unguwa, da abin da kowa ya karanta. Littafin yana hannun sakatare, muna roƙon kowa ya duba shi kafin ya hau motarsa.

Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.