Duba Lafiyar Ƙananan Yara: Jawabin Sakataren Gidauniya ga Masu Bayarwa da Kwamitocin Masallatai

 

Mun daɗe muna biyan kuɗin asibiti ga iyalan da yaronsu ya riga ya galabaita. Wannan aiki zai ci gaba. Abin da muke neman goyon bayanku a kai yau shi ne mu riƙa tarar cuta tun kafin ta kwantar da yaro, musamman 'yan ƙasa da shekara biyar waɗanda ba su shiga firamare ba, babu kuma malamin da ke ganinsu kullum.

Kayan aikin ba su da tsada. Akwai wani tsiri mai launi uku da ake zagaya dantsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59 da shi. Idan awon ya faɗi ƙasa da santimita 11.5, wato a ja, tamowa ta yi tsanani, sai a kai shi cibiyar lafiya ranar. Ruwan ɗorawa gargaɗi ne. Ma'aikaciyar lafiya kan danna bayan ƙafafun yaro, domin kumburin tamowa yakan yaudari uwa ta ɗauka ƙiba ce. Sai a duba katin riga-kafi, a ga ko an yi masa allurar ƙyanda ta wata 9 da ta wata 15. Annobar mashaƙo da ta addabi Kano a 2023 ta fi kama yaran da ba a kammala wa riga-kafi ba. A leƙa baki kuma, don ciwon noma daga gyambon dasashi yake farawa, kuma a wannan matakin yana jin magani. Yaron da ke yawan kumburin hannu da ƙafa, ga rawayar ido, a yi masa gwajin sikila.

Wasu malamai sun tambaye mu, kuma tambayar tana kan hanya: da wane kuɗi za a yi? Aya ta 60 cikin Suratut Tauba ta ƙayyade masu cin zakka, alhali duban yara ya haɗa ɗan mawadaci da ɗan talaka. Saboda haka alawus ɗin ma'aikata, ma'auni da takardu za su fito daga waƙafi da sadaka. Wannan ba baƙon abu ba ne, don da waƙafi aka riƙe asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284. Zakka kuwa za ta tafi hannun fakirin da aka gano ɗansa na buƙatar magani.

A nan ne nauyin yake. Faɗa wa uwa cewa ɗanta ya faɗa ja ba ya warkar da shi idan ba ta da kuɗin mota, ko maigida bai ba da izini ba. Maganar maigida ta liman ce, shi ake jin kunya. Muna roƙon kowane kwamiti ya ba da harabar Islamiyya na yini guda kafin damina ta kankama, lokacin da rumbu ke ƙarewa, zazzaɓin cizon sauro da gudawa ke yawaita. Ya kuma naɗa mutum biyu, namiji da mace, su bi sawun duk yaron da aka tura asibiti har a sallame shi. Takardar sa hannu tana wurin ma'aji.