Jawabin Shugaban Taro a Bikin Yaye Matasa Masu Aikin Gargaɗin Ambaliya da Ceto daga Wurno, Rabah da Goronyo



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya tara mu a wannan wuri cikin ƙoshin lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Iyayenmu uwayen ƙasa da hakimai, Allah ya ja zamaninku. Shugabannin ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo, malamanmu da limamanmu, sarakunan ruwa da sarakunan noma, iyayenmu mata, malaman da suka ba da wannan horo, sai kuma ku 'ya'yanmu da ake yayewa yau, maza da mata, ina yi wa kowa barka da zuwa, da fatan kun baro gida lafiya.

An ɗora mini nauyin shugabantar wannan taro, na kuma karɓa da hannu biyu, domin aikin da waɗannan matasa suka koya aiki ne da ƙasarmu ta daɗe tana bukata. Kafin a miƙa musu takardun shaida, ina neman iznin iyayen ƙasa in tuna wa taro abin da ya same mu a daminar 2010. Mafi yawan waɗanda ake yayewa yau suna goye a lokacin, ko kuma suna farkon shiga makarantar allo. Sun ji labarin a bakin manya gutsure-gutsure. Ya kamata su ji shi a jere, don shi ne tushen aikin da za su fita su yi.

Garuruwanmu uku duk na bakin gulbi ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa Wurno a matsayin ribaɗi a gefen Gulbin Rima, a nan ya rasu a 1837, a nan kuma hubbarensa yake. Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, tana gaɓar Gulbin Sakkwato. Goronyo kuwa a kanta aka datse Rima, aka kammala madatsar a 1984, mai iya ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Daga wannan ruwa ne muke samun shinkafa da alkama, da albasa da tafarnuwar da manyan motoci ke kwasa zuwa kudu, da kifin da ake ci har cikin birni. Daga shi ne kuma ake sako ruwan da birnin Sakkwato ke sha da rani. Kakanninmu sun zauna bakin fadama da sani, don nan arziki yake, kuma ba wanda ke cewa mu bar ta.

A ƙarshen watan Agusta na 2010 aka yi ruwan sama mai yawan gaske, madatsar Goronyo ta cika fiye da kima. Ana cikin azumin shekarar Hijira ta 1431. A farkon Satumba aka buɗe ƙofofin madatsar don a rage mata nauyi, ruwa ya afka wa Kagara da ƙauyukan da ke kusa. Adalci shi ne mu faɗa cewa ma'aikacin da ya ga madatsa ta cika ba shi da zaɓi mai daɗi: ya buɗe ƙofa ruwa ya ci gonaki, ko ya bar ta a rufe ginin ya fashe gaba ɗaya. Bayan kamar mako guda, ana shirin Ƙaramar Sallah, hanyar da rarar ruwa ke fita ta karye. Daga nan ruwan ya fi ƙarfin kowa. Ya bi kwarin Rima, ya ratsa ƙasar Wurno, ya shiga Kware da Wamakko da Silame, ya zarce Jihar Kebbi. Ya yanke hanyar Kwalkwalawa da ta haɗa birnin Sakkwato da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, har aka rufe jami'ar, mutane suka koma tsallakawa a kwalekwale.

Mutum fiye da dubu ɗari suka rasa muhallinsu a jihar nan. Gidan ƙasa ba ya jure kwana cikin ruwa: gindin bango ya jiƙa, ya zauna, rufi ya biyo shi. Rumbuna sun rushe da sauran hatsin bara a ciki. Gero ya nuna ana jiran girbi, shinkafa ta yi ciki, ruwa ya binne su duka. Tumaki da awaki da kaji sun tafi. Magidanta da ke ciyar da baƙi suka wayi gari a azuzuwan makarantun firamare da kan tudu, ƙarƙashin buhu da leda, suna bin layin karɓar tsaba. Haka mutane da yawa suka yi Sallar wannan shekara, da tufafin da suka tsira da su a jikinsu.

Janyewar ruwa ba ta kawo ƙarshen wahala ba. Rijiyoyi sun gurɓace da ƙazantar da ruwa ya kwaso, a shekarar da annobar amai da gudawa ta riga ta addabi Arewa. Sauro ya yi yawa, zazzaɓin cizon sauro ya kama yara. Manomin da ya ci bashin taki da iri ya rasa amfanin da zai biya da shi, wasu suka sayar da shanun huɗa, wasu suka tafi cin rani tun kaka ba ta yi ba. Mutanen Wurno sun san yadda ambaliya ta karya madatsar Lugu, da shekarun da manoman rani suka yi suna jiran gyaranta. Muna kuma tunawa da alherin da aka yi mana: gwamnatin jiha ta lokacin Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko, da fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, da hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, da ƙungiyar likitoci ta MSF da ke aiki a Goronyo a wancan lokaci, da masuntan da suka yini suka kwana suna kwashe mutane a jiragensu ba tare da sun nemi ko sisi ba. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Jama'a, darasin da nake so mu riƙe shi ne wannan. Ruwan da ya ci mu ba a kanmu kaɗai ya zuba ba. Rima tana tara ruwanta daga nesa: daga Bunsuru da Gagare da ke gangarowa daga ƙasashen Katsina da Zamfara, da Gulbin Maraɗi da ke tasowa a ƙasar Katsina, ya shiga Jamhuriyar Nijar, ya sake dawowa Nijeriya. Gulbin Sakkwato da ke wuce Rabah shi ma sai ya bi ta madatsar Bakolori kafin ya iso. Ana iya kwana da taurari a Achida ko Gandi alhali ruwan da zai shiga ɗakunanmu ya riga ya kamo hanya. Wannan tafiya tana ɗaukar lokaci, kuma akwai masu ganin ta. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara. Hukumar NIHSA tana bayyana ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Ma'aikatan madatsa suna karanta ma'aunin ruwa kullum. Inda igiyar ke tsinkewa shi ne tsakanin ofis da ƙofar gida: labari ya tsaya a takarda, ko ya fita a rediyo manomi yana gona, ko ya iso amma ba wanda ya san tudun da za a nufa da wanda zai ɗauki tsohuwar da ba ta iya tafiya. Wannan giɓi aka horar da ku ku cike.

Mu ba mu da teku, amma mutanen bakin teku sun riga mu koyon wannan karatu, kuma da tsada suka saye shi. A ranar 29 ga Agusta 2005 guguwar Katrina ta afka wa gaɓar kudancin Amurka. Shingayen da ke kare birnin New Orleans suka fashe, ruwa ya mamaye kusan kashi 80 cikin 100 na birnin, mutum fiye da 1,000 suka rasu. An yi gargaɗi, masu mota sun fita, aka bar tsofaffi da marasa lafiya da talakawan da ba su da abin hawa. Arzikin Amurka bai hana wannan ba, domin an yi shela ba a tanadi wanda zai kama hannun mai rauni ba.

Ku dubi Bangaladash kuma, ƙasa mai fama da talauci irin namu. A Nuwamban 1970 guguwar teku ta kashe aƙalla mutum 300,000 a gaɓarta. Bayan wannan musiba suka kafa shiri na horar da mutanen ƙauye, maza da mata, aka ba su lasifikar hannu da tutoci, aka gina mafaka masu tsawo, kowace unguwa ta san tata. Da guguwar Amphan ta zo a Mayun 2020, an kwashe mutum fiye da miliyan 2 kafin ta iso, waɗanda suka rasu a ƙasar ba su kai 50 ba. Guguwa ba ta daina zuwa musu ba har yau. Abin da ya sauya shi ne an sami mutane irinku a kowane ƙauye.

Kada kuma wani ya ɗauka haɗarin ya wuce. A 2018 ruwan madatsar Goronyo ya ja baya har ya koma kusan kashi 10 cikin 100 na abin da take ɗauka, aka kuma ga irin yashi da lakar da suka taru a cikinta. Madatsar da yashi ya cike tana saurin ƙafewa da rani, tana kuma saurin cika da damina. A Satumban 2023 madatsu biyu suka fashe a Darna ta ƙasar Libiya, dubban mutane suka halaka cikin dare ɗaya. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri. A nan gida kuma, a Agustan 2025, kwalekwale mai ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a hanyarsa ta zuwa kasuwar Goronyo. Ga matsalar tsaro da ta sa fita daji cikin dare ta zama wani haɗarin na daban, don haka dole gargaɗi ya iso da rana tsaka, mutane su tashi ido na ganin ido.

'Ya'yana da ake yayewa, ga amanar da muke ba ku. Kowannenku ya koma garinsu, ya zauna da mai gari da liman tun kafin ruwan farko, a tsayar da tudun da za a nufa da hanyar da za a bi. Ku san gidajen da ke da tsofaffi da masu juna biyu da naƙasassu, a raba wa kowane gida wanda zai kula da shi. Ku riƙe lambobin ma'aikatan madatsa da na hukumar agajin gaggawa ta jiha, wayoyinku su kwana da caji a watannin Agusta da Satumba. Ku shawarci magidanta su ɗaga iri da hatsi da muhimman takardu zuwa wuri mai tsawo. Idan labari ya zo, ku tabbatar da shi kafin ku yaɗa, domin wanda ya tayar da gari a kan jita-jita sau ɗaya, ran da ya zo da gaskiya ba za a saurare shi ba. Za ku haɗu da dattijon da zai ce a nan aka haifi kakansa, ba inda za shi. Ku durƙusa ku yi masa magana da ladabi, ku nemo wanda yake jin nauyinsa. Kada kuma ku shiga ruwan da ya fi ƙarfinku don a ce kun yi jarunta. Mai ceto da ya nutse ya ƙara wa jama'a aiki.

Ina roƙon hukumomin da ke kula da madatsun Goronyo da Bakolori su riƙa sanar da uwayen ƙasa da waɗannan matasa kai tsaye kafin a buɗe ƙofa, da Hausa, a faɗi rana da sa'a. Ina roƙon Gwamnatin Tarayya ta yashe madatsar Goronyo, a kuma riƙa duba lafiyar gininta kowace shekara kafin damina. Ƙananan hukumomi su sa kuɗin rigunan ruwa da lasifika da jiragen ceto cikin kasafinsu, domin Hausawa sun ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri, kuma buhun shinkafar agaji ba ya dawo da rai. Iyayenmu sarakuna, Allah ya ba ku nasara, ku hana yanka filin gida a kan hanyar ruwa, ku ba waɗanda ke son komawa tudu wurin zama. Sarakunan ruwa su hana lodin da ya wuce kima da tafiyar dare. Malamanmu, Allah ya gafarta muku, ku tuna mana a huɗuba cewa Annabi Nuhu ya sassaƙa jirgi tun ruwa bai sauko ba, Annabi Yusufu kuma ya tara hatsi tun yunwa ba ta zo ba, don jama'a su gane cewa shiri yana cikin tawakkali. Iyayenmu mata, ku ne a gida lokacin da maza ke gona ko kasuwa, ku buɗe wa 'yan matan nan ƙofa idan sun zo da saƙo, ku kuma saurare su.

Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci a 2010 da shekarun da suka biyo baya, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga sharrin ruwa da na mutum, ya dawo mana da zaman lafiya a gabashin Sakkwato da ƙasa baki ɗaya.

A madadin iyayen ƙasa da al'ummar Wurno da Rabah da Goronyo, ina taya ku murnar kammala wannan horo. Ku karɓi takardunku, ku koma gida, ku fara aiki tun kafin hadari ya haɗu. Allah ya yi muku albarka, ya mayar da kowa gidansa lafiya.