Amsoshin Wasiƙunku: Shin Ana Iya Korar Mace Tana Cikin Jego?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga Gwaram a Jihar Jigawa, daga wata baiwar Allah da ta roƙi mu sakaya sunanta. Ta ce shekararta uku tana aikin shara a wani asibitin kuɗi. Da ta haihu, tun ba ta yi arba'in ba, sai aka aiko mata cewa ta yi zamanta, an ɗauki namiji a gurbinta, wai shi ba ya zuwa wankan jego. Tana tambaya: shin tana da hakki?

To Malama, Allah ya raya abin da aka samu. Amsa ita ce ƙwarai kuwa. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1974, ya ba mace hutun mako 6 kafin haihuwa idan ta kawo takardar likita, da wani mako 6 bayan ta sauka. Idan ta yi wata 6 a wurin aikin, wajibi ne a biya ta aƙalla rabin albashinta a wannan lokaci. Sashen ya kuma hana a ba ta takardar sallama tana cikin hutun. Ki lura, mako 6 kwana 42 ke nan, wato ko arba'in ɗinmu ta gargajiya doka ta rufe ta har da rarar kwana biyu. In ta koma aiki kuma, tana da rabin awa sau biyu a rana don shayar da jariri.

Amma fa kada mu ɓoye maki, dokar na da giɓi. Wadda aka kora tun cikin yana wata huɗu, wannan sashe bai ambace ta ba. A nan sai a jingina da sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya hana nuna bambanci saboda jinsi. Da shi wata 'yar sanda, Omolola Olajide, wadda aka kora a Jihar Ekiti a 2021 don ta yi ciki ba aure, ta yi nasara a Kotun Ma'aikata da ke Akure a 2023, aka yanke a biya ta naira miliyan 5.

Shawararmu, ki adana duk wata shaida ta cewa kin yi aikin, ko da littafin sa hannun karɓar albashi ne, da katin awon ciki. Ki fara da dattawa a nemi sulhu. In ya ƙi, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a Dutse, akwai kuma Kotun Ma'aikata a Kano.

Wani mai sauraro daga Birnin Kudu kuma cewa ya yi, an ce doka ta hana mata aikin dare, to yaya malaman jinya mata ke kwana a Asibitin Tarayya na garinsu? Malam, haka ne, sashe na 55 ya hana mata aikin dare a masana'antu da gonaki, amma ya cire ma'aikatan jinya da masu riƙe da shugabanci. A ganinmu ma wannan sashe ya tsufa, don sau da yawa hujja yake zama ta ƙin ɗaukar mata.

Sai mun ji daga gare ku. A huta lafiya.